Idan Muryar Maigida Ta Dishe: Nasiha Ga Mai Jinyar Ciwon Dajin Maƙogwaro

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

 Nasiharmu ta wannan fitowar tana fuskantar baiwar Allah wadda likita ya kira gefe ya shaida mata cewa abin da ke damun maigidanta a maƙogwaro ciwon daji ne, wato sankara ko kansa. In ba ke ba ce, kada ki wuce shafin. Ƙila maƙwabciyarki ce, ƙila ƙanwarki, kuma babu wadda ta san abin da gobe za ta zo da shi.

Kalmar farko da irin wannan mata za ta ji daga bakin kowa ita ce "sai haƙuri". Gaskiya ne kuwa, sai haƙurin. Amma haƙuri ba zai gaya mata yadda za ta ciyar da mutumin da haɗiyar yawu ma ta zame masa aiki ba, ba kuma zai gaya mata yadda zai yi salla in murya ta tafi ba. Tun a littafin Ahlari muke koya wa ɗalibai a Islamiyya cewa baligi ba ya shiga wani aiki sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, in bai sani ba ya tambayi masana. Mun riƙe wannan a alwala da salla da azumi, amma da an zo jinya sai mu ɗauka kowace mace da iyawarta aka haife ta. To jinya ibada ce, ita ma ilimi take bukata kafin aiki, na malami da na likita duka biyun.

In kina son sanin matsayin aikin da Allah Ya ɗora miki, dubi Sayyidina Usman bn Affan (RA). A shekara ta 2 bayan hijira, lokacin da Musulmi suka fita yaƙin Badar, matarsa Ruƙayya 'yar Manzon Allah (SAW) tana kwance ba lafiya. Annabi (SAW) ya bar shi a Madina ya yi jinyarta, ya kuma tabbatar masa da ladan wanda ya halarci Badar da kasonsa na ganima. Badar fa, 'yar uwa, ranar da babu kamarta a tarihin Musulunci. Mutum yana zaune a ɗaki kusa da gadon matarsa aka rubuta shi cikin mutanenta. (Mazan da ke leƙa wannan mujalla su lura, a wannan ƙissa miji ne ke jinyar mata.) Don haka ranar da kika ga kin kasa zuwa makaranta, kin kasa zuwa tafsiri, kin koma daga wanke tsumma sai dama kunu, kada Shaiɗan ya raya miki cewa an bar ki a baya.

Wannan ciwo yakan fara ne da abin da muke rainawa. Murya ta dishe ta ƙi washewa, ko haɗiya ta riƙa zafi, ko wani ƙullutu ya fito a wuya, ko kunne ɗaya ya yi ta ciwo ba dalili. Likitoci sun ce dishewar muryar da ta wuce mako 3 a kai ta wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa da kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Ba kowace dishewa ce daji ba, tarin fuka ma yana kama maƙogwaro, shi ya sa ake leƙawa da na'ura a ɗebi ɗan nama a kai gwaji. In an tare shi da wuri, da yawa suna warkewa kuma muryarsu ta tsira. Amma mu me muke yi? A ce sanyi ne, a sha citta da kanumfari wata biyu. A ce hakin wuya ne, a kira wanzami ya cire beli. Daga nan sai a ce ai hannu aka sa masa, a fara kallon kishiya ko abokin kasuwa. Mun yi imani akwai sihiri, akwai kambun baka, amma ɗora wa Musulma wannan laifi ba hujja shi ne zaton da Allah Ya hana a Suratul Hujurat, aya ta 12. A yi ruƙiyya da ayoyin Allah a gida, a kuma kama hanyar asibiti a ranar, domin babu ɗayan da ya hana ɗaya. Haka zuma da habbatus sauda, ba mu musun albarkarsu, amma mai kantin da ya ce miki ki ajiye takardar likita zai narkar da ciwon da kwalba uku, ki tsorata da shi.

Mafi yawan abin da ke jawo shi taba ce da giya. In maigidanki yana shan sigari, ki taimake shi ya bari yanzu, domin ci gaba da sha yana rage amfanin magani. Amma kada ki goranta masa. Ya fi ki sanin abin da ya yi, kuma akwai masu wannan ciwo da ba su taɓa kusantar ko ɗaya ba.

Maganin asibiti iri uku ne, wani a yi masa ɗaya, wani a haɗa masa: tiyata, da gashi da na'ura, da maganin kemo da ake sawa ta jijiya. Gashin shi ne zai fi cin lokacinku. Yawanci kwana 5 ne a mako har mako 6 ko 7, wato zama 30 zuwa 35, kowane zama 'yan mintoci ne, a sa masa wata fuskar roba da aka auna daidai kansa don kada ya motsa. Daga cikin wuraren da aka san su da wannan aiki akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa a Abuja. Na'urorin ba su da yawa a ƙasar nan, don haka a tabbatar da rana da masauki kafin a ɗauko mara lafiya a hau mota.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Makon farko ba zai ji komai ba. Daga mako na 2 zuwa na 3 baki da maƙogwaro za su fara gyambo, yawu ya yi kauri ko ya ƙafe, ɗanɗano ya gushe, fatar wuya ta yi baƙi kamar ƙuna. Wahalar takan ƙaru har mako ɗaya ko biyu bayan an gama, sannan ta fara sauka. A daidai nan ne dangi za su taru su ce, "Wannan magani ai kashe shi zai yi, a dawo da shi gida." Shi kansa zai ce ya gaji. To ke da kika san haka abin yake tun farko, ke ce za ki tsaya, cikin ladabi, ki ce, "Hajiya, likita ya gaya mana za a ga haka, saura zama goma, a taya mu da addu'a." Tsallake ranakun gashi yana ba ciwon damar farfaɗowa. In wahala ta yi yawa, likita za a koma wa ya ƙara maganin zafi. In kuma ana ba shi kemo, jikinsa ya yi zafi ya kai 38 a ma'auni, wannan ba zazzaɓin da ake jira gari ya waye ba ne, a tafi asibiti ko tsakar dare ne.

Sai abinci, wanda a nan ne mata da yawa suke zubar da hawaye. Kin yi shekara ashirin kin san abin da Malam yake so, yau kin girka ya kai baki ya ture ya ce kamar ƙasa. Ba hannunki ne ya canza ba, harshensa ne. Nana A'isha (RA) ta kasance tana umarni a dama wa mara lafiya talbina, wani kunu mai laushi na garin sha'ir da akan sa wa madara, kuma ta danganta amfaninsa ga Annabi (SAW). Mu kuwa Allah Ya hore mana irinsa: kunun gyaɗa da madara, fura da aka dama ta yi laushi aka tace, dafaffen ƙwai da aka murje, tuwo mai taushi da miyar kuɓewa ko kuka, domin yauƙi yana taimakon haɗiya. Ki cire yaji gaba ɗaya, ki ajiye tsamiya da lemon tsami, kada ki ba shi da zafi, sai ya huce. Kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai ya fi kwano guda sau uku. Ya riƙa kurkure baki sau da yawa a yini da ruwa lita ɗaya da aka sa wa ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali na hodar bikabonet ta kemis. Kada a musanya ta da kanwa. Wuyan da ake gasawa kuma kada a shafa masa man zafi ko wani haɗi, sai abin da asibiti suka bayar.

Kada ki yi masa ɗura. A ciwon ajalinsa, iyalan Annabi (SAW) sun zuba masa magani ta gefen baki alhali yana yi musu nuni da kada su yi, kuma da ya farfaɗo ya nuna bai ji daɗi ba. Ga mai ciwon maƙogwaro abin ya wuce rashin jin daɗi, domin abin da aka ɗura yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. In kin ga yana ƙwarewa duk lokacin da ya sha ruwa, ko yana ta ramewa, ki gaya wa likita. In suka ce za a sa robar abinci ta hanci ko ta ciki, kada ki bari a tsorata ki da cewa ai wanda aka sa wa roba ya gama. Da yawa na ɗan lokaci ne, a cire in haɗiya ta dawo. Ki tsaya nas ta koya miki da hannunki: a zaune ake ba shi, ya ci gaba da zama kamar rabin awa bayan an gama, a wanke robar da ruwa mai tsabta kafin da bayan kowane abinci.

Amma jarrabawar da ta fi abinci nauyi ita ce shiru. Wani muryar takan ragu ta dawo. Wani kuma sai an buɗa masa ƙofar numfashi a wuya, wani a cire maƙogwaron muryar ɗungurungum, ya koma numfashi ta wannan ƙofa har ƙarshen rayuwarsa. Ki yi tunanin namiji da ya saba in ya yi gyaran murya a zaure gida ya nutsu, ko wanda yake limanci, ko yake ciniki da bakinsa a kasuwa, yau yana son ruwa ya kasa kiran ɗansa. Zai yi fushi, zai jefar da kofi, zai juya miki baya ba ki yi komai ba. Wallahi yawancin wannan fushi ba da ke yake ba, ke ce dai kike kusa.

A nan Nana A'isha (RA) ta bar mana darasi mai daɗi. A ranakun ƙarshe na Annabi (SAW), yana jingine a jikinta, ɗan uwanta Abdurrahman ya shigo da asuwaki a hannu. Ta ga Annabi (SAW) yana kallon asuwakin, ta gane yana so, ta tambaye shi ko ta karɓo masa, ya yi nuni da kai. Da ta ga ya yi masa tauri ta sake tambaya ko ta tausasa masa, ya sake nuni, ta tausasa ta ba shi. Ki lura, ta karanci idonsa, amma duk da haka sai da ta tambaye shi. Haka za ki yi. Ki ajiye masa littafi da biro ko waya kusa, da ƙararrawa ko cokali da kofin silba da zai buga in yana nemanki. Ki riƙa yi masa tambayar da amsarta i ce ko a'a. Kada ki ƙarasa masa zance don kin ƙosa, kada kuma ku zauna ke da ƙannensa kuna yanke shawara a kansa yana kallonku kamar ba ya nan. Malaman fiƙihu sun karɓi rubutu da nunin da ake fahimta daga wanda ba ya iya magana a cinikinsa da sauran ƙulle-ƙullensa. Shari'a ba ta sauke shi daga shugabancin gidansa ba, kada ke ki sauke shi. Kuɗin makarantar yara, maganar auren 'yarsa, a kai masa ya rubuta ra'ayinsa.

Mai ƙofa a wuya yana bukatar a rufe masa ita da ƙyalle mai tsabta mara kauri, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi, kuma a kiyaye ruwa kada ya shiga wurin wanka. In numfashi ya fara ƙara ko jini ya ɓalle, asibiti nan take, kuma ki gaya wa duk wanda ya karɓe ku cewa ta wuya yake numfashi. Wasu daga baya suna koyon magana da wata 'yar na'ura ko ta wasu dabaru, ki tambayi likitansa abin da ake iya samu.

Wata ɗaliba a ajin matan aure ta taɓa tambayata cikin kuka, wai mijinta ya daina salla don ya ce ba shi da muryar karatu. Subhanallah, dubi yadda rashin sani yake raba bawa da Ubangijinsa a lokacin da ya fi bukatarSa. A mazhabarmu ta Malikiyya motsa harshe ya wadatar a karatun salla ko da mutum bai ji kansa ba, wanda kuma ya kasa ko wannan, to abin da ya gagara ya faɗi a kansa, sallarsa tana nan. Annabi (SAW) ya koya wa Imrana bn Husaini (RA), da ba shi da lafiya, ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Kurkurar baki da shaƙa ruwa sunnoni ne a alwala, wanda ya kasa su alwalarsa ta yi. Kaki da majinar da ke fita ta wuya ba najasa ba ne kuma ba sa karya alwala. Inda ruwa zai cutar, akwai shafa a kan bandeji, akwai taimama. Azumi kuwa, Allah da kanSa Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Maganin kemo da aka fi ba masu wannan ciwo yana wahalar da ƙoda in jiki ya bushe, don haka in Malam ya dage sai ya yi azumi, ki nemo malamin da yake jin maganarsa ya zo ya lallashe shi. Ki kuma yi masa albishir da hadisin Abu Musa (RA) da ke cikin Bukhari, wanda ya nuna cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana ci gaba da rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Kiran sallar da ya saba, da izun da yake karantawa bayan asuba, duk ba a rufe littafinsu ba.

Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwano ko kofi ko shimfiɗa, kuma gashin da ake yi masa da na'ura ba ya bin sa gida. Kada a ware masa cokali kamar mai annoba, kada a hana jikoki hawa cinyarsa, ke ma kada ki ƙaurace wa ɗakinsa. Abin da ya shafi samun ciki lokacin da ake ba shi magani, ku tambayi likita tare, ba abin kunya ba ne.

In ku biyu ne ko uku a gidan, ku ji tsoron Allah kada gadon mara lafiya ya zama filin kishi. Annabi (SAW) da ciwo ya tsananta sai da ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin A'isha, su kuma suka yarda da daɗin rai. A nemi izini, a kuma bayar. Wadda ta fi iya asibiti ta bi shi, ɗayar ta riƙe yara duka, nata da na 'yar uwarta, kowacce da ladanta. Maganar kuɗi kuwa, dukiyarki taki ce, babu mai tilasta miki sayar da sarƙarki. In kin bayar don Allah, to Zainab matar Abdullahi bn Mas'ud (RA) ta tambaya game da ciyar da mijinta, aka ba ta amsa cewa lada biyu gare ta, na sadaka da na zumunta. Amma kada kunya ta hana ku gaya wa danginsa da masallacin unguwa halin da ake ciki. Wanda magani ya cinye abin hannunsa har ya shiga bashi yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su.

Ke ma jikinki yana da haƙƙi a kanki, kamar yadda Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi. Ki ci abinci, ki yi barci in an karɓe ki, ki sha maganinki in kina da hawan jini ko ciwon suga. Ranar da kika ji kin gaji har kin shiga bayan ɗaki kin yi kuka, ba ki fita daga cikin masu haƙuri ba. Annabi Ayyuba (AS) da ake buga misali da haƙurinsa ya kai kukansa ga Ubangijinsa. In kuma likitoci suka ce abin da ya rage shi ne a rage masa zafi, ki nemi maganin zafin mai ƙarfi ba tare da jin kin yi laifi ba, malamai sun halatta shi saboda lalura. Barin bawan Allah yana murƙususu alhali akwai abin da zai sassauta masa ba ya cikin tawakkali.

Mu kuma sauran 'yan ƙungiya, mu gyara yadda muke dubiya. Mu goma mu cika ɗaki da turare mai ƙarfi, mu kawo lemo da tsire ga wanda ba ya iya haɗiya, kowacce ta ba da labarin wani da irin wannan ciwo ya kashe, sannan mai jinya ta tashi ta dafa mana shayi. Haba jama'a. Mai mura ta zauna a gida, domin mai karɓar kemo garkuwar jikinsa ta yi rauni. Wadda ta je ta taƙaita zama, ta yi addu'a, ta fito. Amirar kowane reshe ta rubuta sunaye: wance za ta kai abincin yara ranar Litinin, wance za ta ɗebi wanki, wance mijinta zai kai su tasha, wance za ta zauna awa uku ranar Alhamis don baiwar Allah ta samu ta runtsa. A ci gaba da haka har mako biyun da ke bayan gama gashi, lokacin da 'yan dubiya sukan ɗauke ƙafa alhali a nan ne ciwon ya fi tsanani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙarfafi masu jinyarsu.